Walimar Kwikwiyon Rakiya

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A Islamiyyarmu ta matan aure, a gidan biki, har a layin awon hawan jini, sai wata ta matso ta rage murya ta ce wai da gaske ne na tsallaka iyaka na je sunan kare. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi kowa na ƙara nasa, har na ji ana cewa an yanka rago biyu an yi wa karen aski. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, duk wadda ta tambaya in miƙa mata ta karanta. Ba a yanka rago ba, ba a yi aski ba. Walima dai an yi ta, kuma ni ce na karɓi baƙi.

Rakiya ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin ke nan da ta auri Isufu, wani malamin gona ɗan Nijar, ta yi ta bin sa gari-gari duk inda aiki ya kai shi, har ya yi ritaya ya sayi lambu a Badaguishiri suka zauna. Ya rasu a lokacin da iyaka take rufe. Na yi mata gaisuwa ta waya, na ce da zarar an buɗe zan zo. Aka buɗe ban je ba, yau ciwon gwiwa, gobe bikin 'yar wance, har shekara biyu ta wuce. Rakiya ba ta taɓa yi mini gori ba, amma wayarta ta koma gajera. Lafiya lau, ya Malam, sai an jima.

Ran nan sai ga saƙon murya daga gare ta, kuma na ji dariya a cikin muryar, abin da na daɗe ban ji ba.

"Yaya, na yi baƙo, ɗan kwana arba'in. Ran Asabar za a yi mishi walima. Ina son ki taho, ke ce babba."

Na kira ta ya fi sau biyar layi bai shiga ba. Ni kaɗai na zauna na yanke cewa 'yarta Mariyama da ke aure a Yamai ce ta haihu ta zo wanka gida. Na ji haushin ba a gaya mini tana da ciki ba, sai kuma na tuna ba ni da bakin yin ƙorafi. Na shiga kasuwa na sayo kayan jarirai, da sabulu, da turmin atamfa na mai jego, da babban bahon wanka na roba ruwan hoda. Na daka yajin jego da hannuna. Ran Alhamis da safe maigidana Malam ya raka ni tasha, ya ce in shafa masa kan jariri.

Daga Sakkwato zuwa Illela ba nisa, amma bahon nan ya mayar da tafiyar doguwa. Bai shiga but ɗin motar ba, direba ya ce in aka ɗaura shi a sama iska za ta ɗauke shi, don haka na kifa shi a cinyata ina leƙen hanya ta gefensa. Matar da ke kusa da ni ta ga wuri ya samu, ta baje gyaɗarta a kai tana ɓarewa har muka isa.

A iyaka, ɓangaren Nijar, wani ma'aikaci dogo ya fara yi mini Faransanci. Na tsaya ina kallon bakinsa, sai ya juya Hausa tangararas irin tamu. Ya duba takarduna, ya buɗe jaka, ya ɗago gwangwanin yaji ya tambaye ni mene ne. Kafin in ce kada ya buɗe ya riga ya kai hanci. Ya yi atishawa ya fi sau bakwai, abokan aikinsa na ta dariya, ya share hawaye ya ce Allah shi raya, in wuce.

A Ƙonni na yi kuskuren da har yanzu nake jin kunyarsa. Na tuna Rakiya ta taɓa cewa garinsu yana ƙasar Illela, don haka na ce wa mai a-daidaita ya kai ni inda ake shiga motar Illela. Ya kai ni, na shiga, na gyara bahona. Ba mu yi tafiyar kirki ba sai ga ni gaban dogon ma'aikacin nan, idonsa har yanzu ja. Ya leƙo ya ce, "Hajiya, har an yi sunan?" Shi ya bayyana mini cewa Illela biyu ce, tamu ta Najeriya da tasu ta Nijar, kuma motar garin Tawa ya kamata in nema in ce a sauke ni Badaguishiri. Ya tsayar mini da mota da kansa, ta mayar da ni Ƙonni.

Motar Tawa ba ta cika ba sai bayan la'asar. Muna kaiwa Tsarnawa, daidai inda hanya ta rabu, hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin kujerar direba. Muka fito, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce abin da ya lalace sai an aiko daga Malbaza gobe. Ina tsaye da baho a bakin titi, sai wata matashiya da muka taho tare, Hadiza, ta ce nan ne garinsu, in zo in kwana gidanta. Muna tafe na tambaye ta maigidan, ta ce, "Mijina mushe ne." Na yi salati na ce Allah ya jiƙansa, a raina kuwa ina mamakin rashin kunyar yaran zamani, mace ta kira mamacin mijinta da sunan da muke kiran jakin da ya mutu a juji. Ita ma ta dube ni wani iri. Muna shiga gida sai ga mutum zaune a tabarma, ƙato, lafiyayye, yana duba littattafan 'yan makaranta da jan biro. Ashe a can malamin makarantar boko, wadda suke ce wa lakwal, shi ake kira mushe. Da Hadiza ta gaya masa na yi masa addu'ar mamata, ya yi dariya har biron ya faɗi, ya ce ya karɓa, a ajiye masa sai ranar ta zo. Ni da na yi shekara ashirin ina shugabar makarantar firamare, ya ce ai ni ma babbar mushe ce. Na ce ya riƙe abinsa.

Sun karrama ni ƙwarai. Tuwon gero da miyar kuka irin tamu ne, sai dai shayinsu ba a sha a tashi. Ɗan mitsitsin kofi ne, sai an yi zagaye uku, kuma ana tafasa shi ana hira ba mai gaggawa. Da safe aka kawo mini burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, cikinsa da laushi. Na rasa ta inda zan kama shi, Hadiza ta karya mini a gwiwarta. Ta ƙulla mini cuku, wato busasshen nono da ake yi fale-fale, ta sa ni a wata motar.

Da hantsi muka gangara kwarin Badaguishiri, ko'ina lambuna da warin albasa. Ban sha wahalar gane gidan ba, ina cewa gidan marigayi Isufu malamin gona aka nuna mini. A gindin bishiyar ƙofar gida na ga wani tsohon Buzu da rawani ya rufe baki yana hura gawayin shayi. Na gaishe shi na shige.

Rakiya ta rame, gashinta ya yi fari fiye da nawa. Muka rungume juna muka yi kuka, na yi mata gaisuwar da ta makara shekara biyu, ta amsa kanta a ƙasa. Da muka natsu na ce to ina mai jego. Ta ce wace mai jego. Na nuna mata baho, na zazzage kayan jarirai a tabarma. Rakiya ta dubi kayan, ta dube ni, sai ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har tana riƙe ciki. Da ƙyar ta tashi ta ja hannuna zuwa rumfar da ke bakin ƙofar lambu. Cikin wani kwando, a kan tsohon buhu, ga ɗan kwikwiyo launin ƙasa, ƙafafu dogaye sirara, kunnuwa a kwance, yana kallona.

Duk wanda ya san ni ya san tsakanina da kare. Tun ina 'yar shekara bakwai da karen wani mahauci ya kama mini ƙafa, in na hango kare a lungu nakan sake hanya. Na ja da baya na ce wa Rakiya ashe tsufa bai hana ta rainin hankali ba, ta taso ni daga wata ƙasa, na kwana a hanya, saboda wannan. Na ce gobe da sassafe zan koma. Ba ta yi musu ba. Ta zuba mini fura, ta bari na sha, sannan ta ba ni labarin tsohon da na gani a waje.

Sunansa Agali, makiyayi ne. Shekaru da yawa duk rani yakan sauko kwarin da dabbobinsa, Isufu ya bar masa kara da harawa, shi kuma ya bar masa taki, har suka zama aminai. Agali yana da wata karya mai gudu da Isufu yake sha'awa, har Isufu ya ce in ta haihu yana son ɗa guda ya yi masa gadin lambu. Agali ya ce ya ba shi. Daga nan kiwo ya yi da shi arewa mai nisa, bai sake saukowa ba. Bana karyar ta haihu. Tsohon nan ya sa ɗan a cikin rigarsa, ya yi kwanaki a hanya, wani wuri a ƙafa wani wuri a bayan motar kaya, ya zo ƙofar gidan yana ƙwala wa Isufu kira yana dariya. Ba wanda ya taɓa gaya masa Isufu ya rasu. Rakiya ta ce da ta leƙa ta faɗa masa, sai ya zauna a ƙasa. Can ya ciro kwikwiyon ya ajiye a bakin ƙofa ya ce na mai gida ne.

"Yaya, shekara biyu kowa yaz zo gidan ga gaisuwar mutuwa yaka kawo min," in ji Rakiya. "Shi ɗai ne yaz zo wurin Isufu kamar yana nan. Ba ni barin shi ya koma ba a karrama shi ba."

Na san ina cikin waɗanda ko gaisuwar ba su kawo ba. Maganar komawa gobe ban sake tayar da ita ba.

Sai da ta ga na sauko sannan ta fito da sauran zancen. Mutanen unguwar ba su ajiye kare a gida. An taɓa yin wani jandarma da ya zo da nasa, maƙwabta suka yi ta kai ƙara har ya mayar da shi garinsu. Saboda haka ita walima kawai ta ce wa mutane, ba ta faɗi ta mece ce ba. Tana son su ci abincinta, su ji daga bakin babba, su yarda karen ya zauna. In suka tashi suka watse a gaban Agali, ta ce ba ta san inda za ta sa fuskarta ba. Babbar kuwa ni ce.

Kwikwiyon ya riga ya fara tsallake kwandonsa, don haka Rakiya ta shimfiɗa buhu a cikin bahona ta sa shi. Ya shiga ya miƙe ƙafa kamar don shi aka saya. Kayan jariran muka aika wa wata maƙwabciya da ta haihu kwanan nan.

Ran Asabar tun da safe muka ɗora tukwane. Dambu da zogale, shinkafa da miyar kaji, fura a manyan ƙore. Bayan azahar mata suka cika tsakar gida, maza suka zauna a tabarmi gindin bishiya, liman a tsakiya, Agali a gefe yana ta zuba musu shayi. Ina zagayawa ina gaisawa ina jin raɗe-raɗi. Wasu na cewa sadakar marigayi ce. Wasu na cewa Rakiya ce za ta yi aure, kuma ga angon can da rawani. Wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce in gaya mata gaskiya, ita ba ta faɗa wa kowa.

Na tsaya a bakin zaure inda maza da mata za su ji ni. Na saba magana gaban ɗaruruwan yara da iyayensu, amma ran nan na rasa ta inda zan ɓullo wa zancen. Na yi sallama, na gode wa liman, na yabi Isufu, na yabi maƙwabtaka, na shiga bayanin riƙon amana, na fita na shiga falalar baƙo. Ina ta kewaye-kewaye, kalmar kare ta ƙi fitowa. Liman ya fara duban agogonsa.

Ina cikin haka na ji ana jan gefen zanena ta baya. Na ɗauka jikar wata ce, na kai hannu in kore ta, sai na taɓa hanci mai sanyi. Ban san lokacin da na hau turmin da aka kifa a bakin zauren ba. Ni da nake sallah a zaune saboda gwiwa, sai ga ni tsaye a kan turmi na tattare zane, kwikwiyo na kewaya ni yana kaɗa wutsiya. Daga can sama na ce, "To jama'a, ga shi nan. Shi ne baƙon."

 Na ga mata biyu sun laluɓi takalmansu. Wani Alhaji da katangarsa ke haɗe da ta Rakiya ya ajiye kofin shayi ya ce shi dai an ce masa walima, ba a ce masa wasa ba. Na hango Rakiya a bayan labule ta dafe ƙirji.

Sai Agali ya miƙe. Ya zo ya ɗauki kwikwiyon da hannu ɗaya, ya juya ga maza, ya yi magana da Hausarsa ta Buzaye a hankali. Ya ce shi bai san an tara mutane saboda wannan ba, da ya hana. Ya ce shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, Isufu ya buɗe masa ta lambunsa, dabbobinsa suka sha kwana da kwanaki, bai taɓa neman komai ba sai ɗan kare. Ya kawo, ya tarar ba shi. In unguwa ba ta so, zai mayar da shi cikin rigarsa ya koma da shi, ba faɗa.

Kowa ya juya ga liman. Ya gyara zama ya ce karen gadin gona da na kiwo ba a hana ajiye shi ba, sai dai ya zauna a lambu, a ware masa kwanonsa, in ya sa baki a wani a wanke sau bakwai. Ya ce shi ba zai yi wa kare addu'ar suna ba, kada wani ya fita ya ce ya yi. Amma zai yi wa Isufu addu'a, ya yi wa mutumin da ya yi kwanaki a hanya don cika magana ga wanda ba zai taɓa tambayarsa ba. Ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ni ma na shafa tawa a kan turmi, don ba wanda ya tuna ya sauko da ni.

Alhajin bai gama ba. Ya ce ya ji, amma a faɗi sunan karen yanzu gaban liman, don ya san halin mata, sai a sa wa kare Bar-su-da-halinsu a riƙa ƙwala kira ta kan katanga da safe. Maza suka fashe da dariya. Rakiya ta amsa daga bayan labule, ta ce sunansa Alkawari. Alhajin ya ce wannan ba laifi, a kawo abinci.

An ci an sha har la'asar. Matan nan biyu sun tafi abinsu, amma ɗaya ta aiko da kwano a zuba mata dambu. Liman ya ci shinkafarsa da hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da takalmansa a cinya, don ya ga inda idon Alkawari yake. Tsohuwar da ta ja ni gefe ta ce ita fa har yanzu tana ganin akwai maganar aure, ana dai ɓoyewa ne.

Washegari Agali ya naɗe kayan shayinsa ya yi mana sallama. Bai ko dubi wajen rumfa ba, ya sa kai ya tafi. Kwikwiyon ya yini yana kuka, da ya gaji ya zo ya kwanta daidai bakin tabarmata. Na kore shi ya dawo, na matsa ya matso. Rakiya ta tafi lambu ta bar ni da kununsa, na ɗaura ludayi a jikin kara ina zuba masa daga nesa. Kwana biyar na yi a gidan, kullum karan yana raguwa. A cikin kwanakin nan ne, muna tsinke zogale, Rakiya ta ce mini ta yi fushi da ni ƙwarai, ta yi ta sauraren sallamata a ƙofa har ta daina. Na ce ba ni da hujja, ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun da ta gan ni a kan turmi.

Dawowa ba ta ba ni wahala ba, mota ɗaya har Ƙonni, kafin la'asar ina gida. Na yi wanka na ci abinci, na kira Rakiya in ce na sauka lafiya. Ta ce ita lafiya lau, amma Alkawari ya ƙi cin komai tun da na tafi, yana kwance inda nake shimfiɗa tabarma. Ta ce bari ta kai wayar kunnensa ko zai ji muryata. Na ce kada ta soma, ni ba mahaukaciya ba ce. Sai na ji ɗan kukansa a wayar. Na duba tsakar gida ba kowa, na rage murya na ce, "Kai, tashi ka sha kununka mana. Haba ɗan kirki, tashi ka sha."

Ina ɗagowa na ga Malam tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu. Ya tambaye ni da wa nake magana. Na ga ba amfanin ɓoyewa, na ce da kare. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in gaishe shi, ya wuce alwala.